Wanda Ya Karɓi Ruwa Shi Ke Kai Reshe

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan watan, da muka rasa Yaya Sanda. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Manoman rani na fadamar Wurno sun san shi da mai rabon ruwa. Ni kuwa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi rainona, kuma babu wanda ya kai shi iya ba ni haushi. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan soya waina in raba sadaka, in yi shiru da bakina. Bana shirun ya ƙi, kuma autana Nasiru ne ya jawo.

Kwanakin baya na je birni ganin likitan ido, na sauka wurinsa. Ya matsa sai na je na ga inda yake aiki, wani gida da suke yin katun na yara. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a firamare, a zatona zane kawai ake yi ya tashi yana tafiya. Ashe bayan an zana, kowane hoto sai an miƙa shi ga kwamfuta ta zuba masa launi da haske da inuwa, kuma ɗan motsin da ido zai gani cikin ƙiftawa hotuna ne birjik. Kwamfuta ɗaya ba ta iya wannan wahala, don haka suka tara su da yawa a ɗaki guda mai sanyi kamar cikin randa, suna ta gurnani. Wai a wurin aikinsu gona suke ce wa ɗakin. Na ce to, Allah ya ba da yabanya.

Nasiru ba ya zane. Aikinsa raba injinan nan tsakanin ma'aikata. Kowa ya gama nasa sai ya turo, aikin ya shiga layi, mai shi ya faɗi ko na gaggawa ne ko zai iya jira. "Inna, kowa cewa shikai nashi ya hi gaggawa," in ji shi. Saboda haka suka kafa ƙa'idoji. Mutum ɗaya ba zai kwashe injinan duka ba alhali wasu na jira. Ba a tsayar da hoton da aka kai rabi, domin wahalar da aka sha a kansa ta tafi a banza. Aikin da ya daɗe a layi kuma, na'urar da kanta take matso da shi gaba, ko na wane ne.

Na ce ai shi ke nan, babu wanda za a zalunta. Sai ya sosa ƙeya. Ya ce akwai wata yarinya sabuwar ɗauka. Duk lokacin da aikin ogansu ya shigo, ita da kanta take cire nata daga layi don ta ba shi wuri, daga baya ta sake turowa. Na'ura kuma sai ta ɗauke ta a wadda ta zo yanzu, ta mayar da ita can baya. Nata ɓangaren ya ƙi ƙarewa, an fara yi mata kallon mai nawa, alhali in ka duba allon ba za ka ga laifin kowa ba. Na nemi kujera na zauna. Na san wannan ciwon sarai, domin mai shi na aura.

A zamanin da nake magana, ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo shi ne rayuwar rani a wajenmu. Ya biyo gulbi, ya shiga babbar kwata, ya rarrabu zuwa ƙananan kwatoci da ke ratsa gonaki. Kwatar da Yaya ke kula da ita doguwa ce. Na bakinta suna shan ruwa har su yi wasa da shi, na ƙarshenta sai abin da ya rage. Manoman ne da kansu suka zaɓe shi ya riƙa buɗe ƙofa yana rufewa, watakila don sun ga ba ya jin kunyar kowa. Gajere ne, ga murya kamar ta mutum uku, kullum bakinsa ja da goro, yana kan wani tsohon keke da ake jin kukansa tun kafin a hango shi.

Bi da bi ake sha, amma noma ba ya tafiya a kan bi da bi kaɗai. Yau alkamar wani ta fara fitar da kai, in ba ta sha ba ta lalace. Gobe wani ya yi dashe, ba zai iya jira ba. Dole wani ya haƙura ya ba wani. Abin da Yaya ya ƙi shi ne haƙurin ya tafi a iska. Sai ya kawo dabara: duk wanda ya bar wa wani ruwansa, ya karyo reshen dogonyaro ya kafa a bakin gonarsa. Idan ruwa ya zagayo, masu reshe ake fara ba, wanda nasa ya fi bushewa shi ne a gaba. Babu takarda, babu rantsuwa. Kowa ya wuce ya gani da idonsa. Bai kuma yarda a yanke wa mutum ruwa yana tsakiyar shayar da fangalin gonarsa ba, ko da wa ke jira, domin a cewarsa rabin sha ɓarna ne ga mai sha da mai jira. Shekaru aka yi a haka, har mutanen Tursa suka zo suka gani suka tafi da dabarar.

Maigidana, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko a jarida, mutane na ce masa Na-Lahodu. Can ƙauyen Lahodu aka haife shi, inda noma na damina ne kawai, idan an girbe gero da wake maza su kama hanyar kudu. 'Yan'uwansa duk haka suka tafi, tun suna dawowa da damina har suka koma zuwa da Sallah, har Sallar ma ta fara wucewa. Shi ya ƙi tafiya. Ya samu 'yar gona a can ƙarshen kwatar Yaya, ya zuba albasa. Amma ya faɗa mini tun farko, ba da wasa ba, cewa ranar da gonar nan ta kasa riƙe mu zai mayar da ita ya bi sawun 'yan'uwansa. Na san halinsa. Ba ya faɗin magana sau biyu.

Mahaifinmu kuwa, Baba, malami ne, ɗan malamai. Zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu da masu kawo rabon gado. Yana da gonar alkama kusa da bakin kwata, amma ciwon gwiwa da karatu sun hana shi zuwa, wani mutum ne ke yi masa aikin.

A shekarar da ruwan ya yi ƙaranci, alkamar Baba ta riƙa neman sha a kan kari. Mai aikinsa sai ya zo wurin rabo ya ce gonar Malam na bukata, ko akwai mai haƙura. Kafin kowa ya buɗe baki, maigidana ya ce a ba Malam. Aka ba Malam. Zagaye na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Wannan duk ba laifi ba ne, ai don irinsa aka yi reshe. Laifin shi ne bai taɓa kafa reshen ba. A ganinsa, reshe a bakin gonarsa shela ce ga duk mai wucewa cewa surukinsa ya sha masa ruwa, kuma gara albasar ta ƙone da a ce shi ya yi wannan shelar. Baba kuma can a zaure ana ce masa Na-Lahodu ya ba da ruwansa, ya sa masa albarka ya ci gaba da karatu. Bai san gonar ta kai wani hali ba, bai ma taɓa ganinta ba.

Yaya ya gani. Ya jingine keke ya ce, "Na-Lahodu, ina reshenka?"

"Ba a tsallake ni ba, Yaya. Ni nib bayar."

"To albasag ga ta san kai kab bayar?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Washegari Yaya ya karyo reshe ya kafa masa da kansa. Kafin azahar an tuge an jefa cikin kwata.

Ni a gida nake ganin abin. Mutumin ya daina cin abinci sosai, ya kai tsohuwar jakarsa wurin baduku a gyara mata hannu. Da na tambaya ya ce ba komai, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in kai maganar gidanmu. Ban kai gidanmu ba. Gidan Yaya na kai, ai shi ba gidanmu ba ne. Na same shi yana facin taya, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce, "Kai ad da ƙohwa, kai ad da ruwa. Buɗe mai kawai, mi za ya hwaru?"

Ya ce, "In na buɗe mai don mijinki na, gobe kowa shi zo min da ƙanwatai."

"To hwaɗa ma Baba."

"Ke ba ɗiyatai ta ba? Tahi ki hwaɗa mai."

Ya san ba zan iya ba, na san shi ma ba zai iya ba. Wane ɗa ne zai tsaya gaban uba irin Baba ya ce masa kana cin haƙƙin mutum? Ko an faɗa ma, maigidana ba zai sake iya ɗaga ido a gidanmu ba, zai ce ƙararsa aka kai. Na fito ina kuka ina kiran Yaya da sunayen da ba zan rubuta ba. Shi kuwa ya ci gaba da facinsa har da 'yar waƙa. Ranar na tsane shi ƙwarai.

Ranar Juma'a bayan an sauko, manoman kwatar suka taru a inda suka saba, Yaya ya ce yana da gyara. Daga yau ba wanda ya haƙura ne zai kafa reshe ba. Wanda ya karɓi ruwan shi zai karyo, ya taka da ƙafarsa har gonar wanda ya bar masa, ya kafa da hannunsa. Ba aike, ba wakili. Wasu masu hali suka fara gunaguni, wai su da ke da harkoki a kasuwa ina suka ga lokacin yawon fadama. Sai Yaya ya ce a tambayi Malam, tunda ga shi nan bai kai ga tafiya gida ba. Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce wannan adalci ne, wanda aka yi wa alheri shi ya kamata ya taka. Magana ta mutu a nan.

Ba a yi nisa ba mai aikin Baba ya sake zuwa neman ruwa, maigidana ya sake cewa a ba Malam. Yaya ya buɗe ƙofa, alkama ta sha. Sannan ya karyo reshe, ya tafi zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ajiye shi gaban Baba.

Ban kasance a wurin ba. Labarin daga bakin mutum uku na ji shi, kowa da inda yake tsallakewa, na Yaya kuma ya fi gishiri. Amma sun haɗu a kan cewa Baba ya daɗe yana kallon reshen kafin ya ce, "Har ni, Sanda?"

"Kai kac ce adalci na, Baba, gaban jama'a."

"Na ce," in ji Baba. Ya nemi sandarsa.

An kawo jaki ya ƙi hawa, ya ce ƙafa aka ce. Ya bi gefen kwata yana tafiya yana hutawa, Yaya na biye da shi yana tura keke, manoma na sakin fartanya suna durƙusawa. Tun yana wuce gonaki kore shar har ya fara wuce masu ɗan ja, har ya kai inda kwatar ta zama busasshen rami. A nan ya tarar da albasar. Ganyen ya yi fari daga sama ya kwanta, ƙasa ta tsage har hannu na shiga. Mai gonar na tsugune a gefe, ya rasa inda zai sa kansa.

Baba ya ce, "Wagga ita ta gonar?" Ya dubi tsagewar ƙasar. Ya ce, "Tun yaushe?" Sai ya juya ga Yaya. "Kas san wanga, kaƙ ƙyale ni ina cin haƙƙin mutum ina sa mai albarka?"

Yaya ya ce, "Bakina bai iya ba, Baba. Shi yas sa nib biɗo ƙahwakka."

Baba ya duƙa da gwiwar nan tasa ya kafa reshen. Ya ce Yaya ya je ya karyo wani. Ya kafa. Ya ce a ƙaro. Maigidana ya ce don Allah Malam ya isa haka, Baba ya ce ba shi zai faɗi ya isa ba. Sai da bakin gonar ya zama kamar an fara shinge. Sannan ya dubi surukinsa ya ce, "Kai kuma, kunyag ga taka ta kusa kai ni wuta. Kada ka ƙara."

Da ruwa ya zagayo, babu mai reshe kamar Na-Lahodu, don haka shi aka fara ba, aka kuma ba shi, bisa ƙa'ida, ba wanda ya isa ya ce an yi son kai. Ba zan ce albasar ta dawo duka ba. Wajen rabi ta riga ta tafi, wadda ta rayu ma ƙanana ta yi, a kasuwar Rabah har dariya aka yi mata. Amma ta kai mu damina. Alkamar Baba ita ma ta ji jiki. Jakar nan da aka gyara wa hannu na zuba tsummoki a ciki na tura ƙarƙashin gado.

Yaya ma bai sha da daɗi ba. Baba ya yi watanni ba ya amsa masa gaisuwa sai da kai. Ba don an sa shi tafiya ba, don an bar shi cikin duhu ne, kuma an ɗana masa tarko da maganar bakinsa a gaban mutane. Ni ma ina ganin Baba na da gaskiyarsa. Yaya bai taɓa ba da haƙuri ba, bai kuma fasa zuwa gaisuwa kowace safiya ba, ya durƙusa, a gyaɗa masa kai, ya tashi ya hau kekensa. Sai gab da azumi wata rana Baba ya miƙa masa ɓarin goro ba tare da ya dube shi ba. Yaya ya zo gidana yana nuna mini goron kamar an ba shi doki.

Na ba Nasiru wannan labari a ɗakin injinan nan, ina ɗaga murya saboda gurnaninsu. Ya yi dariya ya ce shi ina ya ga ƙarfin sa oga ya taka zuwa teburin sabuwar ma'aikaciya. Na ce kawunka ma ba ƙarfi gare shi ba. Ban san abin da ya yi bayan na dawo ba, ban kuma tambaya ba, aikinsa ne.

Amma na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wurin. Na tabbata zai so shi. Zai sa a nuna masa komai, ya taɓa abin da aka ce kada a taɓa, ya yaba wa na'urar da ke tuna wanda ya daɗe yana jira ba tare da an karya reshe ba. Sannan zai tambaya, wanda ya tsallake layi, ina yake zuwa? A ce masa ba ya zuwa ko'ina, daga kujerarsa yake danna abu. A nan ne zai tofar da goro. Shi bai yarda mutane mugaye ne ba, ko masu halin da suka yi gunaguni. Ya ce yawanci mai danne wani bai taɓa ganin gonar wanda ya danne ba ne kawai. Ban sani ba ko yana da gaskiya a kan kowa. A kan Baba dai yana da ita.

Fadamar ma ba zai gane ta ba. Yanzu kusan kowa da 'yar rijiyarsa da injin ban ruwa, wanda ke da kuɗin mai ya sha, wanda ba shi da shi ya kalla. Ba mai jiran kowa, ba mai bar wa kowa. An huta da rigima, ban musa ba. Yaran yanzu in ka ce musu reshen dogonyaro sai su zaci maganin zazzaɓi kake nufi. Al'adar ta mutu tun kafin mai ita, kuma bai yi mata kuka ba, ya ce ruwa ne ya canza hanya.

Rasuwarsa ba ta zo da dogon ciwo ba. Da safe aka aiko, maigidana na gona, a waccan gonar dai ta ƙarshen kwata. Ya zo da laka a ƙafarsa. Shi ya yi wa Yaya wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. 'Yan'uwansa na kudu waya aka yi musu, suka yi ta'aziyya ta waya, ɗaya ya ce zai zo in hanya ta yi kyau. Da aka dawo daga maƙabarta na kai masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Can ya ce, "Da ba don shi ba, da yau ni ma waya za a yi man."

In an tambaye ni abin da Yaya Sanda ya bari, ba gida ba ne, ba gona ba, keken ma wani ya ara bai dawo da shi ba. Ni dai ya bar mini tsoho guda a tsakar gida, mai tari da asuba, mai kushe miyata yana lashe kwano, wanda 'ya'yansa suka tashi suna ganinsa kullum. Yanzu haka da nake rubutun nan yana can gindin bango yana tsince irin albasa, yana kira in zo in riƙe masa faifai. Allah ya kai haske kabarinka, Yaya. Bari in je, kafin ya zubar.